Ɗari ya shigo: yaushe ne ƴan kasuwa za su huta?

 Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau magana ce da ba a cika yin ta a rumfa ba, wato maganar hutu. Mun san da yawa za su ce ina ruwan mai neman na cefane da hutu, wannan ai zancen ma'aikatan gwamnati ne masu jiran albashi. To, a yi haƙuri a saurare mu. Ra'ayinmu shi ne ɗan kasuwa ya fi ma'aikaci buƙatar hutu, domin kuwa jikinsa shi ne babban jarinsa, kuma babu lokacin da ya fi dacewa a yi wannan magana kamar yanzu da ɗari ya sauka, dare ya yi tsawo, shekara kuma ta zo ƙarshe.

Mu masu wannan rubutu mabiya Yesu Almasihu ne, kuma ƴan ƙasa ne da aka haifa a nan, ana saye da sayarwa da mu kowace Litinin da Juma'a a babbar kasuwar Maraɗi. Ba baƙi ba ne mu a wannan yanki. Tun a ƙarshen shekarun 1920 ƴan mishan na SIM suka zauna a Tsibirin Gobir, a 1956 aka buɗe wurin jinyar kutare na Danja a kan hanyar Ɗan Isa, a 2001 kuma Maraɗi ta samu nata bishop na Katolika, Ambroise Ouédraogo. Mu kaɗan ne a cikin ƴan uwa Musulmi masu yawa, amma rana ɗaya ke dukanmu, ƙura ɗaya muke shaƙa, mai karɓar kuɗin rumfa kuma ba ya tambayar addinin kowa. Saboda haka za mu faɗi abin da addininmu ya koya mana game da hutu, duk wanda ya ga abin amfani a ciki ya ɗauka.

Da farko dai mu bambanta hunturunmu da na Turawa. A Faransa ko Ingila idan sanyi ya zo ƙanƙara ce ke rufe ƙasa, gona ta tsaya cik, rana ta faɗi tun kafin la'asar ta yi sanyi, sai malaman majami'unsu su riƙa wa'azi cewa ga lokacin da halitta ke barci, mutum ma ya zauna a ɗaka ya yi tunani. Mu a nan ba haka abin yake ba. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da kasuwa ta fi ci. An gama kaka, gero da wake da gujiya da riɗi da aya sun shigo, kuɗi sun zo hannun mutanen karkara, ana ta ɗaura aure ana sayen kayan ɗaki. A Jiratawa, inda aka gyara fili don noman ban-ruwa a bakin Gulbin Maraɗi tun farkon shekarun 1980, yanzu ne ma aiki ya kankama, ga zogale ga tumatir ga barkono, kuma mata ne ke sammako cikin sanyi su ɗauko su kawo gari. Duk wanda ya zo ya ce wa irin waɗannan mata su rufe sana'a wata uku su yi ta tunani, bai san garin ba.

To amma fa wannan cinikin da ya buɗe shi ne kuma tarkon. Lokacin da kuɗi ke shigowa shi ne lokacin da mutum ke mance yana da jiki. Mai ƙosai ta tashi tun kafin asuba ta wanke wake da ruwa mai kamar ƙanƙara, ta wuni a bakin wuta tana shaƙar hayaƙi, da dare ta koma ga tukunyar gida. Mai shago ya buɗe da sassafe ba zai rufe ba sai sha ɗaya na dare, kwana bakwai a mako, babu Juma'a babu Lahadi. Ga hazo da ƙura suna kawo mura da tari da ciwon haƙarƙari, ga sanƙarau da ke fara leƙowa a irin wannan lokaci har zuwa bazara. Jikin da bai samu barci ba shi ne cuta ke fara kayarwa. Sai ka ga abin da aka tara cikin wata uku ya tafi a asibiti cikin mako biyu, garin neman ƙiba an samo rama.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum kimanin 745,000 ne suka mutu a duniya ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, sanadin yin aiki awa 55 ko fiye a mako. Binciken ya ce mai irin wannan aiki ya fi mai yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Yanzu kowa ya ƙirga nasa. Wanda ke buɗe rumfa ƙarfe bakwai na safe ya rufe bakwai na yamma kullum, ya yi awa 84 a mako ke nan, ban da aikin gida. Tun a 1921 aka yi yarjejeniya ta duniya cewa ma'aikacin masana'anta zai samu hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, dokar ƙwadago ta ƙasarmu ma ta ba ma'aikaci hutun mako. Amma wa ya taɓa zuwa kasuwa ya ba mai sayar da daddawa ranar hutu? Idan ba ta ba kanta ba, babu mai ba ta.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana a nan a fili yake, kuma abin mamaki, da ƴan kasuwa ya fi yin maganar. Tun a littafin Farawa an nuna mana cewa Allah ya keɓe rana ta bakwai ya sa mata albarka, ba don shi yana gajiya ba, sai don ya kafa wa ɗan Adam ƙa'ida. A cikin dokoki goma da aka ba Annabi Musa, hutun bai tsaya kan maigida kaɗai ba, ya haɗa da ƴaƴansa da barorinsa da baƙon da ke gidansa, har da jaki da sa. A littafin Nehemiya, sura ta 13, an ba da labarin yadda fatake daga Taya ke kawo kifi da kaya iri-iri Urushalima suna sayarwa a ranar hutu, sai gwamna Nehemiya ya sa aka rufe ƙofofin birni, har fataken suka kwana a bayan ganuwa sau ɗaya ko sau biyu kafin su daina zuwa. Annabi Amos kuma ya yi kaca-kaca da ƴan kasuwar zamaninsa waɗanda ke ƙosawa ranar ibada ta wuce don su koma sayar da hatsi, suna rage mudu suna ƙara kuɗi, suna haɗawa da ƙaiƙayi. A lura da yadda ya haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya: zuciyar da ba ta iya tsayawa kwana guda, ita ce ke fara danne gindin tiya.

Shi kansa Yesu Almasihu, a Linjilar Markus sura ta 6, da ya ga jama'a na ta kai da kawo har almajiransa ba su samu sukunin cin abinci ba, sai ya janye su zuwa wurin da ba kowa don su ɗan numfasa. Kuma da wasu malamai suka mai da ranar hutu ta zama kaya mai nauyi a kan talaka, ya nuna musu cewa don amfanin mutum aka kafa ranar, ba don a ɗaure shi ba. Akwai kuma labarin Annabi Iliya, wanda gajiya da tsoro suka kai shi ga roƙon mutuwa a cikin daji. Allah bai fara da yi masa faɗa ba. Barci aka bar shi ya yi, aka tashe shi aka ba shi abinci da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi, sa'an nan aka yi maganar tafiya. Wannan darasi ne ga duk wanda ke jin zuciyarsa ta bushe, addu'a ta yi masa nauyi, yana yi wa iyali tsawa ba dalili. Wani lokaci ba shaiɗan ba ne, rashin barci ne. Iyayenmu mata kuma su tuna da Lidiya, ƴar kasuwa mai sayar da tufafi masu tsada a birnin Filibi. Ba a rumfarta ta ji maganar da ta canza rayuwarta ba, a bakin kogi ta ji ta, a ranar da ta ajiye ciniki ta tafi wurin addu'a.

Ƴan uwanmu Musulmi ma ba baƙi ba ne ga wannan magana, tunda an umarce su su bar ciniki idan an yi kiran sallar Juma'a, kuma da yawa cikinsu sukan yi amfani da sanyi da gajartar rana su yi azumin nafila, su yi amfani da tsawon dare su yi ibada. A kalandar 2026 ma, farkon watan Ramadan da farkon azumin kwana arba'in na Kirista sun faɗo cikin mako guda a watan Fabrairu, kuma da yake Ramadan na matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, shekaru masu zuwa cikin tsakiyar ɗari za a riƙa yin sa. Ashe dai lokacin sanyi na neman zama lokacin komawa ga Allah ga dukanmu.

Yanzu mu zo ga babbar tambaya, wadda muka san tana bakin kowace mai talla: idan na huta yau, me yara za su ci gobe? Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya raina ta bai taɓa kwana da yunwa ba. Mutanen Maraɗi sun sha ganin irin hutun dole da ba wanda ya roƙa. An ga faɗuwar darajar sefa a watan Janairun 1994, an ga yunwar 2005, an ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an kuma ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya tsayar da hanyar Ɗan Isa da Jibiya wata da watanni. Wanda ya sha waɗannan, in ya ga kasuwa ta buɗe, ba a ganin laifinsa idan ya ce bari in tara tun da sauran dama. Amma mu duba da kyau. A waɗancan lokuta, wa ya tsaya da ƙafafunsa? Wanda ke da lafiya, da wanda ke da ɗan abin da ya ajiye, da wanda ke da jama'a. Duka ukun nan kuwa ba a samun su sai mutum yana tsayawa lokaci-lokaci ya duba jikinsa, ya yi lissafi, ya ziyarci dangi.

Hutu ma kamar adashi yake, zubi ake yi masa. Mu ɗauki misali da mai samun ribar jika guda a rana. Idan ta riƙa cire dala talatin da biyar kullum tana sawa a asusu, cikin kwana shida ta tara dala ɗari biyu da goma, wato ta wuce jika guda. Ranar ta bakwai ta biya kanta ke nan tun kafin ta zo. Mun san dala talatin da biyar ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƴaƴa shida, shi ya sa muka ce yanzu ne lokacin farawa, da ciniki ke tafiya, ba a bazara ba lokacin da hatsi ya yi tsada. Wadda kuma ba za ta iya kwana guda cur ba, ta fara da rabin yini. Maƙwabtan rumfa biyu, ɗaya Musulma ɗaya Kirista, suna iya yin abin da ya fi haka sauƙi: wannan ta tsare wa waccan kaya ranar Juma'a, waccan ta tsare wa wannan ranar Lahadi. Ba a rufe rumfa ba, ba a rasa mai saye ba, kowa kuma ya samu ranarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Manoma sun riga mu sanin wannan. Kakanninmu sukan bar gona ta zama saura shekara biyu ko uku don ta huta, kamar yadda littafin Firistoci ya umarci Isra'ilawa su bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai. Da mutane suka yi yawa a jihar Maraɗi, fili ya yi kaɗan, aka daina barin saura, kowa ya ga yadda ƙasa ta gaji, damman da ake samu suka ragu. Abin da ya taimaka ya farfaɗo da gonaki a nan yankin ya fara. A 1983 wani ɗan mishan ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirrai da ake sarewa kowace shekara a gona ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwoyinsu a ƙarƙashin ƙasa. Abin da suke buƙata kawai a daina sare su kaf, a zaɓi reshe ɗaya ko biyu a bar su su tashi. Manoma suka ɗauki wannan dabara ta sassaben zamani suka yaɗa ta, har aka ƙiyasta cewa ta mai da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Ba a kawo sabon iri daga waje ba. Sarari kawai aka ba abin da ke nan. Haka zuciyar ɗan Adam take. Imani da haƙuri da tausayi suna nan a ƙasa, kullum ne ake sare su da gatarin neman kuɗi.

A duba gawo kuma. Da damina, lokacin da kowane icce ke kore, shi yakan zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe, ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Sai yanzu da rani ya shigo, kowa ya bushe, shi yake yin ganye, ya ba da inuwa, ya zubo wa awaki ƴaƴa. Gawo bai ce sai ya huta lokacin da sauran ke hutawa ba, amma bai taɓa tsallake nasa lokacin ba. Ɗan kasuwa ma ba dole ya huta ranar da ma'aikaci ke hutawa ba, amma dole ya san tasa ranar ya riƙe ta.

Akwai kuma gyara a cikin gida, domin ba a ce wa maƙwabci ya share ƙofarsa alhali taka na da shara. A wasu gidajen Kirista, bikin Kirsimeti na 25 ga Disamba ya zama lokacin da aka fi gajiya da cin bashi: ga anko, ga ɗinki, ga shinkafa da kaji, sai Janairu ya zo ana ɓuya wa masu bin bashi. Alhali kuwa wanda ake bikin haihuwarsa a komin dabbobi aka kwantar da shi. Makonni huɗu da ke gaban Kirsimeti an ware su ne don shirin zuciya, ba don gasar atamfa ba. Haka nan muna roƙon fastoci da dattawan ikilisiya su duba yadda ranar Lahadi take ga mata. Idan mace ta tashi da asuba ta yi girki, ta yi awa huɗu a sujada, ta tsaya taron zumuntar mata, ta koma gida ta tarar da wanki, to wannan ranar ba ta huta ba, aiki kawai ta canza. Maza su sani dokar hutu ba ta ce maigida ya miƙe ƙafa uwargida na daka ba.

Ga manyan ƴan kasuwa kuma, Alhazai da masu manyan shaguna da masu motoci, ku ne ke riƙe da hutun wasu a hannunku. Yaron shago ba ya iya cewa ya gaji. Ɗan dako da direba da yarinyar da ke aikin gida haka. Ku ba su rana guda a mako ba tare da an yanke musu ko dala ba, za ku ga lissafi ya rage ɓata, hatsari ya ragu a hanya, amana kuma ta ƙaru. Iyaye su ma su tausaya wa ƴan talla, kada a tura ƙaramar yarinya da faranti cikin sanyin asuba ba rigar kirki, ko a bar ta a tasha har dare ya raba.

To, idan an samu hutun me za a yi da shi? Ba zaman karta ko yawon gulma muke nufi ba. A watan Disamba dare ya fi rana tsawo da fiye da awa guda a nan Maraɗi, kuma sanyi na sa barci ya yi daɗi, abin da ba a samu a watan Afrilu. A rufe rumfa da wuri a yi barci isasshe, a kashe garwashin jin ɗumi kafin a tafi, domin lokacin iska ne kuma gobara ba ta sallama. A zauna da yara a ji abin da ke damunsu. A buɗe littafin bashi, wanda ake bin sa ya biya ko ya je ya nemi lokaci da bakinsa, wanda ke bi kuma ya duba ko akwai gwauruwa ko maraya da ya kamata a yafe wa. A ɗauko tiya da sikeli a duba su tsakani da Allah. Wanda ya yi shekara ba ya gaisawa da maƙwabcin rumfa saboda rikicin mai saye, ya je ya ba shi hannu kafin sabuwar shekara. A je a auna hawan jini ko da ba a jin ciwo. Mai bargo biyu ya tuna da almajirai da tsofaffi da marasa lafiya da ke kwance a Danja da sauran asibitoci. Kirista ya buɗe Littafinsa ya yi addu'a a natse, Musulmi ya yi nasa. Wannan shi ne sabuntawar da muke magana, kuma ba ta buƙatar jari.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, da sarakunan kasuwa, da shugabannin matan adashi, su sa wannan magana cikin taronsu na ƙarshen shekara. Abin da ke hana mutum rufewa shi ne tsoron kada na kusa da shi ya kwashe masu saye. Idan layi guda ya yarda a kan lokacin tashi, ko aka tsara hutu bi da bi, babu wanda zai cutu. Malamai da fastoci su ma su taimaka da wa'azi, gidajen rediyo kuma su ba likitoci fili su yi bayani. Kasuwa tana nan tun kafin a haife mu, za kuma ta ci ranar da aka kai mu makwanci. Lafiya uwar jiki, kuma wanda ya ba da rai shi ne ya ce a huta.

Allah ya ba mu ciniki mai albarka, ya tsare mu da cututtukan sanyi da gobara, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, ya sa mu ga sabuwar shekara da rai da lafiya. Amin.